Cikin Shulan da Hayaƙin Tazargade

Tun ranar da likita ta ce jaririn da ke cikin Shulan a zaune yake, kai sama ƙafafu ƙasa, mijinta Tao Wenbin bai ƙara samun natsuwa ba. Direban tasi ne a wani gari na bakin kogi a lardin Hubei na ƙasar Sin, kuma dama can mutum ne mai gaggawa. Yanzu sai ya ɗauki fasinja ya manta ya zarce da shi, ya wuce wurin saukarsa. Ko taliyar safe a tsaye yake cin ta.

"In bai juya ba aiki za a yi," in ji Shulan, tana ɓare lemo. "Mene ne a ciki? Rabin matan layin nan an yi musu."

"Wuƙa fa za a sa miki!"

"Ni za a sa wa, kai kuma kake gumi?"

Mahaifiyarta, Peng Guifang, ta iso daga ƙauye da buhu a kafaɗa. Ganyen tazargade ne da ta yanka shekarun baya ta rataye a rufin ɗaki har ya koma ruwan ƙasa. Sabon yanka wutarsa faɗa gare ta, in ji tsohuwar, wanda ya kwana biyu shi ke ratsa jiki a hankali. Ta daka shi, ta tankaɗe har ya yi laushi kamar auduga, ta naɗe a takarda, kowane naɗi kaurin babban yatsa. Za a kunna bakinsa a riƙe kusa da ƙaramin yatsan ƙafa, ɗumi ya shiga ba tare da an taɓa fata ba, wai hakan kan sa jariri ya juya. Likita ta ce su gwada, amma ba ta yi musu alkawarin komai ba.

Hannun tsohuwar rawa yake yi, don haka aikin ya faɗo kan Wenbin. Ya zauna a 'yar kujera, ƙafar matarsa a kan cinyarsa, hayaƙi na shiga masa ido. Bai jima ba ya ɗago.

"Ya motsa?"

"Yanzu fa ka kunna."

"Mama, ko dai in matso da shi?"

"Matso da shi mana," in ji surukarsa, "ka gasa mini 'ya mu ci da shinkafa."

Gwiwarsa sai kaɗawa take yi, har toka ta zubo wa Shulan a ƙafa. Ta yi ƙara ta kai masa duka da matashi.

Daga nan duk wanda ya shiga motarsa sai ya tambaye shi. Wani ya ce ƙafa biyu ake yi lokaci guda. Wata ta ce mai cikin ta riƙa durƙuso tana ɗaga ƙugu. Kullum da sabuwar shawara yake dawowa, har da tsakar rana, ya bar motar a kunne ya haura bene da gudu. Labule da barguna duk suka ɗauki warin hayaƙi. Maƙwabcinsu na sama ya sauko da bokitin ruwa, yana zaton gobara ce.

Wata rana Shulan ta ji shi ya sunkuya yana yi wa cikinta magana irin ta direbobi. "Yi baya kaɗan. Yanke hagu, akwai wuri. Haba maigida, kowa ya juya sai kai?"

Ta yi dariya har da hawaye. Ana cikin haka cikin ya yi wani irin motsi, ya tasa gefe ɗaya. Wenbin ya miƙe zumbur, naɗin na ci a hannunsa, yana kiran surukarsa kamar gidan zai rushe.

Washegari suka koma asibiti. Likita ta daɗe tana kallon na'ura, sannan ta ce, "Ya juya kam. Amma a rabin hanya ya tsaya. Yanzu a gicciye yake."

"Ƙafar dama ce bai gasa da kyau ba," in ji tsohuwar nan take.

"Mama, har bororo na yi a yatsa!" in ji Wenbin.

Shulan ta ce ya isa haka, a sa mata ranar aiki. A hanyar gida Wenbin ya fara cewa akwai wani tsohon mai magani a tsallaken kogi. Ta dafa hannunsa a kan sitiyari.

"Wenbin, na gaji. Ba na tsoro sai in na kalle ka."

Ya rage gudun motar, ya tuƙa a hankali har suka iso.

Ranar aikin ya yi ta safa da marwa a bakin ɗakin tiyata. Wata nas ta ji warin rigarsa ta ce nan ba wurin shan taba ba ne. Ya rantse bai taɓa sa taba a bakinsa ba, amma ta kore shi waje. Yana can yana zagaye motocin mutane sai ga surukarsa tana haki, takalminta ɗaya a hannu.

"Mace ce! Uwar ma lafiya lau!"

Ya tarar da Shulan a kwance, fuskarta fayau, jaririyar a gefenta an naɗe ta da jan bargo. Ya miƙa hannu zai ɗauka, ya fasa, ya sake miƙawa.

"Je ka wanke hannunka tukuna," in ji Shulan a hankali. "Kuma ka kira babanka, tun safe yake buga wayata."