Geron Rumfar Yaya

Lantana na kankare turmi ta ji akuyarta ta yi wani kuka da ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta juya, sai ga akuyar a ƙasa tana shure-shure, kumfa na zuba daga bakinta. Kusa da ita ga kwano a bushe, wanda Lantana ta zuba mata ƙasari tun da safe, wato ruwan wankin gero.

"Innalillahi!" Ai geron da ta wanke, shi ta kirɓa ta yi fura. Furar kuwa tuni Dela maƙwabciyarta ta ɗauka ta nufi gona, inda Manzo mijin Lantana ya tara maza gayyar noma.

Nan take ta tuna launin ruwan nan. Ja-ja ya fito lokacin da take wanki, ta ce ai ƙasar Adar ce, wane gero ne ake sussuka a nan bai kwaso jar ƙasa ba? Ta ƙara masa ruwa ta wuce. Ta ruga ɗaki ta zazzage sauran geron a faifai, ta fito rana da shi. A gindin ƙwayoyin, can cikin ɗan lungun da wanki ba ya kaiwa, ga jan nan ya maƙale. Ta san shi sarai. Irin shuka ne da aka raba farkon damina, mai magani a jiki, wanda aka yi ta jan kunne kada mutum ko dabba ya kai shi baki. Wani marar tsoron Allah ya wanke shi ya shanya, ya kai kasuwa ya auna wa mutane a matsayin abinci.

Kuma ta san rumfar da ya fito. Rumfar Yaƙubu ce, yayan mijinta, mai awon hatsi a kasuwar Buza. Ranar kasuwa ta ji mata na cewa geronsa ya fi na kowa sauƙi. To, wace mace ce za ta tsuguna gaban yayan mijinta tana ciniki, mutumin da ko sunansa ba ta faɗa? Sai ta ba Dela buhu, ta ce ta auno mata, kada ta ce na wa ne. Yaƙubu ya auna wa Dela bai san gidan ƙanensa za shi ba.

Ko mayafi ba ta tsaya nema ba. Ta fita da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke tun a ƙofar gari, ta yar da ɗayan. Gonar na can ƙasan dutse, hanyar duk tsakuwa ce mai kaifi, amma wallahi ba ta ji ba. Lissafi ɗaya take yi: Dela mace ce mai tsayawa gaisuwa. Allah ya sa yau ta haɗu da wanda za ta tsaya yi wa surutu. Lantana da kullum take mitar bakin Dela, yau ita ce ke roƙon Allah ya ƙara masa tsawo.

Tana gudu maganar rediyo na dawo mata. Kwanan baya ta ji wani yana bayani cewa mai saye na da haƙƙi a gaya masa gaskiyar abin da ake sayar masa, kuma in an ɓoye masa aibi yana iya mayarwa, har ya kai ƙara. Ranar dariya ta yi, ta ce wa Dela wannan zancen mutanen birni ne, a ƙauye wa zai kai ƙarar wanda suke sahu ɗaya a masallaci? Yau babu dariya, tsoro ne kawai ya cika ta.

Da ta gangaro, ta hango su. Sun ajiye hauyoyi, sun zauna inuwar gawo, Dela na damu a babbar ƙwarya. Babu wanda ya sha tukuna, don a wajen nan babba ake fara miƙa wa ludayi. Babban kuwa Yaƙubu ne, ya zo taya ƙanensa. Manzo ya cika ludayi ya miƙa masa da hannu biyu.

Lantana ta so ta yi ihu, numfashi ya ƙi. Ta ƙarasa tana haki, ƙafa na jini, kai ba ɗankwali, gaban maza. Manzo ya miƙe a fusace.

"Ke, lahiya? Mi ya hiddo ki haka?"

Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa gaban yayan mijinta, wanda ba ta taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka kawo ta gidan, ta ɗaga kai ta dube shi. Ludayin na dab da bakinsa.

"Yaya," in ji ta, "geron hurar ga, na rumfarka ne. Wanda ka auna ma Dela ranar kasuwa. Ni na aike ta."

Abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ambaci akuya ba, ba ta ambaci jan ruwa ba. Amma hannun Yaƙubu ya tsaya cak. Ya dubi furar, ya dubi Dela, fuskarsa ta sauya. Ya saki ludayin a ƙasa, ya kai ƙafa ya tunkuɗe ƙwaryar gaba ɗaya, fura ta malale tsakanin kunyoyin gona.

"Kada wanda ya taɓa ta," ya ce a hankali.

Dela ta dubi yatsunta da ta yi damu da su, ta shiga goge su a zane tana salati. Lantana ta zauna daɓas, sai yanzu ƙafafunta suka fara zafi, hawaye suka zubo. Ta ji sanyi a ranta cewa babu wanda ya sha, ta kuma ji wani baƙin ciki, don da a ce Yaƙubu ya tambaye ta abin da geron ya yi, da ta samu abin kare shi da shi.

Manzo ya daɗe yana kallon furar tana nutsewa a ƙasa. Bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, yanzu ma bai ɗaga ba.

"Yaya, ashe ka sani."

Yaƙubu ya kawar da kai.

Lantana ta share fuska. Ta tuna matan da suka yi cincirindo a rumfar ranar kasuwa, kowace da buhunta da goyonta, daga ƙauyukan da ko sunansu ba ta gama sani ba.

"Yaya," ta ce, "ban da Dela, wa da wa ka auna ma?"

Ya dubi hanyar Buza.

"Ban san su ba," ya ce.