Ranar da Malam Ya Ce Bai Yi Ba

Tunda aka yi aurensu, Malam bai taɓa faɗin abin da ya wuce kalma biyu a kan girkin matarsa ba. In ta wuni a tsaye tana fama da gasasshiyar kaza da dankali, zai ci ya suɗe yatsu, ya ce, "Ya yi." In gajiya ta kama ta ta soya masa ƙwai kawai da burodi, nan ma, "Ya yi." Har 'ya'yansa suka laƙaba masa Baba Ya-Yi, a bayan idonsa da farko, daga baya har a gabansa.

Mai gyaran keken ɗinki ne, yana da ɗan shago a bakin titi. Mutum ne da zai kara kunne a jikin keke ya gaya maka ƙarfen da ya gaji a ciki, amma wai a ce ba ya bambance miyar da aka ɓata wa lokaci da wadda aka yi a tsaitsaye. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Mama rai. Ta sha gaya wa 'ya'yanta cewa ubansu ko tsumma aka dafa masa da mai da albasa, sai ya ce ya yi.

Ita kuwa Mama, girki ne rayuwarta, kuma ta san ta iya. Kicin ɗinta ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai sun yi karo, amma babu mai shiga sai da izini. Shi ya sa Malam yake kiran ta Shugaba. Ba ta taɓa auna komai da cokali ba. Sai dai ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ta ɗan lumshe ido, ta san abin da ya rage. Duk Asabar 'ya'yan kan taru cin abincin rana: babbar 'yarta, ma'aikaciyar jinya, da mijinta, sai Auta, wanda ya girma ya kama aiki amma har yanzu cikinsa bai bar gidan uwarsa ba.

Sai wata mura mai zafi ta kwantar da ita. Ta warke sarai, amma ranar da ta koma kicin ta zuba albasa a mai, sai ta tsaya cak. Tana ganin albasar tana soyuwa, tana jin ƙararta, hanci kuwa shiru. Ta buɗe kwalbar citta ta shaƙa, babu. Ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, sai ta ji kamar ruwan ɗumi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ina za ta fara? Ta ce wa kanta abin na ɗan lokaci ne, kuma ai hannu ya saba. Da ta bar wa hannun aikinsa ma da an zauna lafiya. Amma matar da ta yi shekara da shekaru tana lasa kafin ta sauke tukunya ba ta iya dainawa. Sai ta lasa ta ji lami, ta ƙara gishiri. Ta sake lasa, lami dai, ta sake barbaɗawa. Ta kai wa Malam, tana kallon bakinsa. Ya ci, ya sha ruwa, ya ce, "Ya yi." Hankalinta ya kwanta, ta ce ashe dai hannun bai manta ba.

A haka aka kwashe watanni. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne ruwa. Kafin a tashi daga cin abincin Asabar, duk gorunan da ke firij sun ƙare. Surukin nata, mai kunya, yakan yi loma ɗaya ya bi ta da rabin kofi. Auta, da a da sai an ƙwace tukunya daga hannunsa, yanzu ya koyi cewa ya ƙoshi.

Wata Asabar ta kasa haƙuri. Ta ajiye faranti ta ce, "Wai ni kam me ya same ku? Abinci kuka zo ci ko ruwa kuka zo sha?"

Auta ya ɗaga kai yana nazarin fanka. Surukin ya shiga gyaran agogonsa. Malam ya ce, "Zafi ake yi, Shugaba."

Babbar 'yar ce ba ta yi shiru ba. Ɗazun nan ta gama auna jinin ubanta da ɗan injinta, kamar yadda take yi duk mako, kuma tun lokacin fuskarta ba ta saki ba.

"Baba, ka yi haƙuri, yau kam sai na faɗa," ta ce. "Mama, gishiri ne. Tunda kika tashi daga ciwon nan abincinki ba ya ciwuwa don gishiri. Mu sau ɗaya muke ci a mako, Baba kuwa kullum. Jininsa sai hawa yake yi, magani ya kasa riƙe shi. In aka ci gaba a haka wata rana a shago za a ɗauko mana shi."

Mama ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wato duk kun sani, kuka haɗa baki kuna kallo na ina abin kunya?"

"Baba ne ya hana," in ji Auta a hankali. "Ya ce duk wanda ya faɗa, shi da shi."

Ta juya ga mijinta. Yana nan zaune, ya sunkuyar da kai, kuma don tsabar taurin kai cokalin yana hannunsa, yana shirin kai wata lomar. Ta fizge farantin daga gabansa. Kunya da tsoro da haushi suka taru mata. Ta kusa kashe mutumin nan da hannunta, shi kuma yana ta ce mata ya yi.

Daga ranar ta rataye ludayi. 'Yar ta shirya da wani gidan abinci ana kawo musu mai ƙarancin gishiri a robobi, safe da rana. Mama takan juye a faranti ta ajiye masa, ta koma falo ta zauna gaban talabijin, ba don tana kallo ba. Jinin Malam ya fara sauka, ita kuma ta fara ramewa. Maƙwabciyar da ta saba leƙowa neman shawarar miya ta zo, Mama ta ce a gaya mata tana barci. In ta bi ta ƙofar kicin takan kau da kai, don tukwanen da ke kife a kan kanta sai ta ga kamar kallon ta suke yi.

Auta ne ya gaji da ganin ta haka. Shi mutum ne mai son abinci, babu sabon gidan abincin da za a buɗe bai je ya ɗauki hoton farantin da wayarsa ba. Ya matsa sai da ya kwashe su duka zuwa wani wuri da yake ta yabo, mai sanyin esi da fararen ƙyallaye a kan tebur da cokula fiye da buƙata. Mama ta bi su ne don kada a ce ta ƙi. Aka kawo shinkafa da jar miya da kaza, an yi mata ado da ganye. Ta kai baki, ta tauna, ba ta ji komai ba sai ɗumi.

Auta ya gama ɗaukar hotonsa, ya ƙyafta wa yayarsa ido, ya ce, "To Baba, a ba mu hukunci. Ya yi?"

Malam ya tauna a hankali, ya ajiye cokali, ya goge baki.

"An yi wa albasar gaggawa," ya ce. "Ba a bar ta ta yi ja ba, shi ya sa babu zaƙinta. Tumatirin ma tsaminsa bai mutu ba. Uwarku takan bar shi a wuta har sai mai ya taso ya kwanta a sama. Kuma yajin nan a leɓe yake tsayawa. Nata sai ka haɗiye tukuna kake jin sa, can a maƙogwaro, tare da citta."

Surukin ya tsaya da cokali a iska. Malam kuwa, kamar famfon da aka daɗe ba a buɗe ba, ya ci gaba.

"In tana fushi da ni, tafarnuwa takan yi yawa. In kuɗin cefane ya yi kaɗan, sai ta soya albasar ta fi ta kullum, don kada a lura nama ya ragu. Lokacin da take da cikinka, kai Auta, ta daina sa garin kori gaba ɗaya, ba ta koma ba sai da aka yaye ka."

Mama ta saki baki tana kallon sa. Duk abin da ya faɗa haka yake, har wanda ita kanta ta manta.

"Malam," ta ce, "duk shekarun nan kana jin wannan, amma kullum kalma biyu?"

"To ai ya yi ɗin ne. Ko a shago, keken da ke tafiya daidai ba na kwance shi."

"Gishirin fa? Shi ma ya yi ɗin ne?"

Ya murza gefen ƙyallen tebur. "Tun makon farko na san hancinki ya tafi. Tunda na aure ki, ban taɓa shigowa daga shago ba sai kin ce in je in cire rigar nan mai warin man keke. Sai na shigo kika yi shiru. Washegari ma haka. Na ce matar nan ta rasa hanci, in na yi magana kicin ɗin ma za ta rasa. Gishiri kuwa ai ruwa ake sha."

"Ka ji shi ko," in ji 'yar, tana share ido da bayan hannu. "Ruwa ake sha."

Har suka koma gida Mama tana juya maganarsa a ranta. Ta daɗe tana ganin ta yi wa dutse girki, ashe babu lomar da ta wuce shi bai san da ita ba. Ta ji tausayinsa, ta ji haushin wautarsa, ta kuma ji godiyar da ba ta san inda za ta ajiye ta ba.

Washegari da hantsi, Malam yana shirin fita shago, ya ji motsin tukwane. Can sai muryarta: "Malam! Zo nan."

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar kicin, inda iyakarsa take tun fil azal.

"Shigo mana, ba cizo nake yi ba."

Ya shiga a ɗarare, kafaɗarsa na gugar kantar tukwane. Ta ɗauko kwalbar gishiri ta danƙa masa. "Daga yau wannan a hannunka take, kuma 'yarka ta ce ɗan kaɗan. Ni da hannu, kai da baki. Amma wallahi in ka yi mini ƙarya sau ɗaya, na rufe kicin ɗin nan har abada. Miƙo hannunka."

Ya miƙa tafin nan nasa mai kanta. Ta ɗiga masa miya. Ya lasa, ya buɗe baki, ta ga kalmomin nan biyu sun taho da kansu. Ta zuba masa ido. Ya haɗiye su da ƙyar, ya dubi tukunya, ya dubi ƙofa kamar mai neman hanyar gudu.

"Bai yi ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Me ya rage?"

"Tsamin bai mutu ba. Ki rage wuta, ki ba shi lokaci."

Ta rage wutar. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, ba ta ma ɗora wa albasa laifi ba. Yabon da aka yi wa girkinta a duniya ba ya ƙirguwa, amma babu wanda ya taɓa yi mata daɗi kamar wannan kushen.

"Na gode, Malam," ta ce.

"Shago fa, Shugaba?"

"Kekunan ba za su gudu ba."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a ɗan kicin ɗin, shi rungume da kwalbar gishiri, ita tana juyawa, har mai ya taso ya kwanta a saman miyar. Ta sake ɗiga masa. Ya lasa, ya lumshe ido yadda ya ga tana yi, ya jira har yajin ya isa maƙogwaro.

"Ya yi," ya ce.

Mama ba ta lasa ba. Ta kashe wuta, ta sauke tukunyar.