Ranar da Auta ta rufe ƙofa

Auta ce ta zaɓi karatun kula da ma'aikata a ƙaramar kwalejin da ke bayan tashar mota. Babanta ya yi dariya ya ce, "To ranki ya daɗe, in kin gama ki fara ƙara mini hutu." Shi direban motar ɗaga kaya ne a kamfanin robobi.

Ni ban yi nisa a boko ba, amma a kaina take gwada darasinta. Ina wanke-wanke sai ta jawo kujera ta ce, "Mama, ke ma'aikaciya ce, yau za a sallame ki."

"Wa zai wanke muku kwanukan?"

"Mama, don Allah ki bar wasa."

Malamarsu ta koya musu cewa in za ka kai wa mutum mummunan labari, ka rufe ƙofa, ka zaunar da shi, ka faɗa ba kwana-kwana, kuma kada ka riga shi kuka.

A zangon ƙarshe aka tura ta koyon aiki a ofishin ma'aikata na kamfanin babanta. Tare suke fita da safe, yana tsokanarta wai ta daina gaishe shi a gaban leburori.

Ran nan da hantsi na ji tsayawar mota. Auta ta shigo da katin aiki a wuya, shugabar ofishinsu tana biye. Auta ta rufe ƙofa, ta jawo mini kujera. Ta ce, "Mama, Baba ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. An kai shi asibiti. Ya rasu." Idonta a bushe. Ashe ita ta roƙa a bar ta ta faɗa, kada in ji a bakin baƙo.

Gwaggonta, yayar babanta, tana gidan, ta zo aron keken ɗinki. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Ubanki ne fa, ke! Wane irin karatu ne wannan mai ƙeƙasar da zuciya?" Kafin a watse zaman makoki maganar ta zaga dangi.

Auta ta daina zuwa kwaleji, ga jarrabawar ƙarshe ta ƙarato. Na same ta a ɗaki ta juya wa ƙofa baya.

"Mama, na faɗa miki kamar ba ubana ba. Ba zan koma ba."

Ni ban iya tsara magana ba. Na zauna a bakin gado na ce, "Da kin shigo da ihu, da na zube kafin in ji abin da ya faru. Na ga yadda kika ƙanƙame bayan kujerar. Gwaggonki ba ta gani ba, ni na gani. Akwai wata mata can da ranar jin irin wannan labari ke tafe mata. Na fi so ke ki shiga wurinta."

A nan kukan ya zo mata. Na bar ta ta yi har ta gaji.

Washegari ta fito tana neman takalminta, za ta kwaleji. Na leƙa ta taga har ta sha kwana. Ta faɗi darasi ɗaya, ta sake rubutawa ta ci. Gwaggonta har yau ba ta janye maganarta ba, ni kuma na daina jira.