Wa Zai Soke wa 'Yar Malam?

Yara sittin da huɗu ne a ajina a shekarar, ni kuwa hannu biyu Allah ya ba ni. Saboda haka in na cika allo da lissafin sau, tambaya ashirin, sai in ba su rabin awa, in buga tebur in ce, "A yi musanyar littafi!" Kowa ya miƙa wa na kusa da shi, ina karanto amsa suna yi wa juna maki. Har a ɗakin malamai nake cika baki da dabarar nan.

A benci na uku, jikin taga, 'yata Auta take zama tare da ƙawarta 'yar tela. Tun ranar farko na kafa mata doka: daga ƙofar makaranta babu Baba, sai Malam. Na san bakin mutane, ba na son a ce ina son kai. Shekara guda cur ban taɓa kiranta gaban allo ba. A gida kuma in uwarta ta ce in duba mata aiki, sai in ce, "Ke, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba ki ga ashirin bisa ashirin take kawowa ba?" In juya in ci gaba da sauraron rediyona.

Burin Auta ɗaya ne, makarantar kimiyya ta 'yan mata. Jarrabawar shigarta kuwa sau ɗaya yaro ke zama, in ya faɗi ya faɗi. Ita da 'yar tela har sun gama raba gado, wai Auta a sama, ƙawarta a ƙasa.

Da sakamako ya fito, 'yar tela ta ci. Auta ta faɗi, kuma a lissafi.

Ranar na hau dokin zuciya. Na ce wallahi maguɗi ne, an sayar da gurbin 'yata. Na zari littafinta na aji, na hau babur sai ofishin jarrabawa. Wata dattijuwa mai tabarau na tarar a bayan tulin takardu. Na dangwara mata littafin, na ce ta duba da idonta, shafi nawa ne babu kuskure ko ɗaya.

Ta gyara tabarau. Ta buɗe tsakiya, ta ɗan jima, sannan ta ɗago.

"Malam, kai ne mai koyar da su?"

"Shekara goma sha tara ke nan."

"To arba'in da shida sau ashirin da uku nawa ne?"

"Dubu ɗaya da hamsin da takwas."

Ta juyo mini littafin. Ɗari biyu da talatin Auta ta rubuta, ga kuma jan maki a gefe, ɓaro-ɓaro. Na bi aikin da yatsa. Layin farko daidai, ɗari da talatin da takwas. A layi na biyu ne ba ta ajiye sifiri ba, ta rubuta casa'in da biyu a ƙarƙashi kai tsaye ta haɗa. Na buɗe gaba, na koma baya. Haka ta yi a kowace tambaya tun zangon farko, kuma kowacce an ba ta ci. Ban san yadda na yi wa matar sallama ba.

A hanya na tsaya shagon telan. Yana kan keke yana ɗinka wa 'yarsa kayan makaranta, ita tana cire zare. Na nuna mata shafin, tunda ita ke yi wa Auta maki, na tambaye ta ko ba ta ga ba daidai ba ne.

"Na gani, Malam."

"To me ya sa kika ba ta?"

Ta dubi ubanta, ta sunkuyar da kai. "Wa zai soke wa 'yar Malam? Kuma ka ce duk wanda ya ci ƙasa da goma zai share aji. Kunya za ta ji."

Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Yarinya ta rufa wa ƙawarta asiri iya hankalinta. Ni da ke da jan biro a aljihu kullum, me ya hana ni buɗe littafin sau ɗaya?

Na sami Auta a tsakar gida tana wanke-wanke, idanunta sun kumbura. Na ce ta ɗauraye hannu ta zo. Na jawo ƙaramin teburin da muke ɗora rediyo, na yagi takarda, na rubuta tambayar nan.

"Wannan biyun na cikin ashirin da uku, biyu ne?"

Ta bi lambar da yatsa. Can ta ce, "Ashirin ne."

"To in ashirin ne, sai ki fara ajiye sifiri a nan, sannan ki ninka."

Ta ajiye. Ta sami ɗari tara da ashirin, ta haɗa, amsa ta fito. Na ba ta wata mai lamba uku, ta yi. Na ƙara wata, tun ban rufe biro ba ta gama. Na dubi agogo, ko minti goma ba mu yi ba.

"Kin san ba daidai kike yi ba?" na tambaye ta.

"Na fara zargi. In kana karanto amsa sai in ji lambobin sun fi nawa girma."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"A makaranta ka ce kai ba Baba ba ne. A gida kuma ka gaji."

Uwarta tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Da ta zage ni da na fi jin daɗi, amma sai ta juya ta koma ciki.

Auta ta daɗe tana kallon takardar, tana murza gefenta da yatsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Baba, dama iya wannan ne kawai?"

Na ce, "Iya shi ke nan, Auta."