Za A San Yadda Za A Yi

A gidan marigayi Baba akwai wani mutum da ba a taɓa ganin fuskarsa ba, amma duk aiki mai nauyi shi ake ɗora wa. Sunansa "Za a". Famfo ya lalace, za a gyara. Rufi na yoyo, za a duba. Da Baba ya rasu, maganar gado ta je kotu. Alƙali ya ga gida ɗaya ba zai rabu tsakanin magada ba, sai ya yarda a nemo mai saye, amma ciniki ba zai tabbata ba sai ya sa hannu. Nan ma bawan Allah "Za a" ya samu sabon aiki: za a gaya wa Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Ba ta haihu ba, kuma ba ta cikin magada. Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin baya, kusa da kicin, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Ita ta goya Auta, ƙaramar 'yar Baba, ita ta yi mata kitson farko.

Shi ya sa abin ke cin Auta a rai. Tela ce, ɗaki biyu gare su ita da mijinta da yara, keken ɗinkin ma a bakin gado yake kwana. Duk lokacin da ta kira babban wansu, Yaya Babba, a waya ta ce, "Yaya, Gwaggo fa?" sai ya ce, "Za a san yadda za a yi." Ita ma sai ta ce to, ta ajiye wayar da sauƙi a zuciyarta da kunyar wannan sauƙin.

Ranar da dillali ya kawo mai saye, Auta ce ta zo buɗe musu ƙofa. Yaya Babba ya iso a makare, yana ta danna waya. Gwaggo ta ji muryar baƙo da ƙarar awon tef, sai ta fito tana laluben bango, fuskarta cike da murna.

"Alhamdu lillahi! Mai gyaran rufin ne ya zo? Zo nan, ɗana, in nuna maka."

Ta kama hannun rigar mutumin, ta ja shi zuwa ɗakinta. Ta nuna masa kusurwar da take tara roba in ana ruwa, da tsagar da ke bayan kwaba, da tagar da sai an ɗaga ta da kafaɗa take rufuwa. Dillali sai ƙifta ido yake yi, ana tona asirin kayansa a gabansa. Yaya Babba ya sosa ƙeya. Auta kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Mai sayen mutumin kirki ne. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya fito tsakar gida, sannan ya sassauta murya.

"Gidan ya yi mini. Amma wannan baiwar Allah fa? Ni ba zan iya tayar da tsohuwa ba."

"Wannan ba matsala ba ce," in ji dillali. "Kafin alƙali ya sa hannu an kwashe komai."

"Za a san yadda za a yi da ita," Yaya Babba ya ƙara.

Daga bakin ƙofa sai muryar Gwaggo, a hankali, ba faɗa a cikinta.

"Babba, wai shi wannan Za'a ɗin, ɗan waye a cikin dangi? Tun kana ɗan yaro nake jin sunansa, bai taɓa zuwa ya gaishe ni ba."

Auta ta tuna mijinta da ba ta shawarta ba, da ɗakin yara da ko tabarma ba ta da wurin shimfiɗawa. Tsoro ya kama ta sosai. Duk da haka ta taka ta je ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Gwaggo, gidan nan sayar da shi muke yi. Mun ɓoye miki, ba mu kyauta ba. Ni zan tafi da ke."

"Me kika ce?"

"Na ce ni zan tafi da ke."

"Na ji tun farko. So nake in sake ji."

Ta koma ɗaki, ta sa Auta ta leƙa ƙarƙashin gado. Akwai jaka biyu a ɗaure tam, ƙura ta kwanta a kansu.

"Tun ranar da aka fita da gawar yayana na haɗa su," in ji Gwaggo. "Na san mutumin nan ba mai gyara ba ne. Na dai ce kada a cuci ɗan mutane da rufi mai yoyo. Ɗauki ƙaramar, babbar ta fi ƙarfinki."

Auta ta sunkuya tana kuka, ta jawo babbar.