Tabarmar da Ke Kan Pesamino

Wani saurayin ƙauye, Ioelu, ya buge Sieni da mota a hanyar bakin teku, ya gudu ya bar ta kwance. Awa biyu ta yi da rai kafin masunta su tsince ta. Ba ta kai asibiti ba. Shekararta sha tara. Hutu ta zo daga Brisbane wurin kakanta, tsoho Sauni.

Kwana uku da binne ta, dangin Ioelu suka zo ifoga, wato neman gafara irin na al'adar tsibirinsu, tun da sassafe. Su goma sha ɗaya suka zauna a kan tsakuwar ƙofar gidan Sauni, taku kaɗan daga kabarin Sieni, wanda simintinsa ko bushewa bai gama yi ba. Babbansu, Pesamino, kakan yaron, ya lulluɓa da tabarmar da suka gada kaka da kakanni tun daga kai har ƙafa. A gefe suka jibge itace da duwatsun gashi. Kowa ya san nufinsu: ga mu, in kun ga dama ku gasa mu kamar alade. Ba za su tashi ba sai masu gida sun ɗage tabarmar. In an ɗage, magana ta mutu. In rana ta faɗi ba a ɗage ba, sai abin da hali ya yi.

Sauni na zaune a babbar rumfa, ya jingina da ginshiƙi, yana kallon tabarmar. Tare suka koyi tuƙin kwalekwale da mutumin da ke ƙarƙashinta. Daga bayan gida yana jin samarin danginsa suna wasa adduna. Wai kwakwa za su sara. Ioelu yana hannun 'yan sanda, amma yana da 'yan'uwa maza uku a ƙauyen.

Da hantsi 'yarsa Lupe ta ajiye masa shayi.

"Baba, tsohon nan fa yana da ciwon suga."

"Na sani."

"To ka fita mana. Kai ne shugaban gida."

"Hannuna zai iya ɗage tabarma, ba zai iya karɓe adduna ba. Fuskar uban yarinya yaran can suke jira. Ina yayanki?"

"Inda ka bar shi jiya."

Eteuati, uban Sieni, malamin falsafa ne a wata jami'a a Brisbane. Aikinsa shekara ashirin shi ne koyar da mene ne daidai, mene ne ba daidai ba. Duk Kirsimeti in ya zo gida, ana cin gwaza da kifi, sai ya buɗe baki. Wai babu wani daidai da aka rubuta a sama. Wai mutane ne ke saƙa shi kamar tabarma, kowane tsibiri da irin saƙarsa. Sauni a aji uku ya bar makaranta. Amsarsa ɗaya ce kullum: "To in na kwaɗa maka mari fa, Farfesa?" Ɗan ya ce, "Zan ji zafi, Baba, amma zafi ba hujja ba ne." Har fasto ya daina zuwa cin abinci a gidan. Sieni ce ke raba su. Takan buga cokali a kwano kamar alƙalin wasa ta ce, "Kaka ɗaya, Baba ɗaya. A ci abinci."

Sauni ya same shi a ɗakin bulo, zaune a ƙasa, jakar yarinyar a cinyarsa. Bai yi aski ba tun ranar da ya sauka daga jirgi.

"Farfesa."

"Na'am, Baba."

"Kana da baƙi a waje."

"Na gan su ta taga."

Tsohon ya zauna a bakin gado. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya daɗe yana juya maganar a ransa, don ba ya son ɗanɗanonta.

"Shekara ashirin kana cika mini kunne. Ka ce daidai saƙar mutane ne. To na yarda. Yau na yarda. Ga saƙarmu can a rana. A tsibirin nan, in an rufa da tabarma ana ɗagewa. Haka ubana ya yi, haka ubansa. Da bakinka ka ce babu wata doka sama da wannan. Tashi mu je."

Eteuati ya shafa igiyar jakar.

"Littafi biyu na rubuta a kan maganar nan."

"Suna cikin akwatina. Ban karanta ba, amma ban bar gara ta ci ba."

"Kwana uku ina kwance ina neman tsibirin da za a ce ya halatta ka bar yarinya a kan kwalta tana numfashi, ka taka mota. Na ce to, a ce na samu. A ce duk mutanen tsibirin sun taru sun yarda, sarkinsu da fastonsu. Baba, da dukansu sun yi kuskure. Ba saƙa ba ce. Ko babu mutum ɗaya a duniya da ya ce laifi ne, laifi ne."

"Wato akwai abin da ba mu muka saƙa ba."

"Akwai."

Shekara ashirin Sauni yana jiran kalmar nan. Ya sha raya wa kansa ranar da zai ji ta, a gaban fasto, a gaban kowa, ya tashi ya yi rawa. Ga ta ta zo. Ya ji ta a bakinsa kamar ruwan teku.

"Ba yau na so ka ba ni gaskiya ba," ya ce.

"Na sani."

A bayan gida adda ta ci gaba da kuka a kan dutse.

"To bar wannan. Kai mai ilimi ne, yi lissafi. Gawa ɗaya muke da ita. Rana ta faɗi, gobe uku ne ko huɗu, har da 'ya'yan Lupe. Ba a koyar da ƙirga a jami'ar taku?"

"Ana koyarwa. Ofishina na jikin na wani da ba ya komai sai wannan ƙirgar. Rai biyar nan, ɗaya can, a zaɓi mai sauƙi. Mutumin kirki ne. 'Ya'yansa duk suna raye."

"Pesamino bai taɓa tuƙa mota ba a rayuwarsa."

"Shi ya sa. Wanda ya yi abin ba ya ƙarƙashin tabarmar. Wadda aka yi wa tana ƙarƙashin siminti. Ni da tsohon nan me za mu yafe wa juna? Awa biyun nan nata ne, Baba. Ba nawa ba ne da zan bayar."

Da a wurin cin abinci ne, da Sauni ya yi maganar mari. Ya miƙe da kyar ya koma rumfa. Shayin ya huce, ƙudaje sun kewaye kofin.

Rana ta take tsaka, ta karkata. Tsakuwa ta ɗauki zafi har tana ƙyalli. Baƙin ba su sha ko ruwa ba, al'ada ba ta yarda ba. Mutanen ƙauye sun taru a inuwar coci suna kallo. Fasto ya zo ya shiga ɗakin bulo da littafinsa, bai yi minti goma ba ya fito yana share gumin wuyansa.

Wajen ƙarfe huɗu Lupe ta taɓa kafaɗar ubanta.

"Baba, dubi."

Tabarmar ta karkata gefe. Wata mata daga cikin baƙin ta matsa, ta tokare tsohon da kafaɗarta, ba ta ɗaga kai ba. A lokacin ne Sauni ya lura ƙarar adduna ta ɗauke. Sun gama wasawa.

Ya sake ɗaura zanensa. Ya rataya jan abin wuyansa na shugabanci, ya ɗauki sandarsa. Ya taka har ƙofar ɗakin bulo ya tsaya. Bai taɓa roƙon ɗansa komai ba, kuma bai san yadda ake farawa ba.

"Eteuati."

Ɗan ya ɗago. Rabon da uban ya kira shi da sunansa tun kafin ya zama malami.

"Ni zan ɗage. Ba sai ka taɓa ta ba, ba sai ka ce uffan ba. Ka riƙe gaskiyarka, taka ce. Ka zo ka tsaya a bayana kawai, yaran can su ga fuskarka."

Eteuati ya dubi taga, ya dubi kabarin, ya mai da idonsa kan jakar.

"Ba zan fito ba, Baba."