Gangunan Amidu a Hanyar Bimbila

Zibrim mai gyaran ganguna ne a zangon Yendi. Makaɗan garin da na ƙauyukan Gushegu shi suke kai wa kalangu idan fata ta huje ko igiya ta tsinke. An san shi da rashin gaggawa, don yakan riƙe gangar mutum har mai ita ya gaji da zuwa, saboda kawai bai sami fatar da ta kwanta masa a rai ba. A ƙarshen shekarar 1993 yayarsa Memuna ta aiko masa daga Salaga cewa ya zo da kayan aikinsa.

Memuna doya take sayarwa a kasuwar Salaga, kuma mijinta Amidu ya daɗe da rasuwa. A ƙuruciyarsa, tun kafin Ghana ta sami 'yanci, Amidu ya yi kiɗa a gidajen rawa na Kumasi da gangunan Turawa, irin waɗanda mutum ɗaya yake zama ya buga su duka da hannu da ƙafa. Da ya dawo gida ya kama cinikin shanu, sai ya tura su ɗakin ajiya, don danginsa jikokin fataken goro ne, ba sa son a ce ɗansu makaɗi ne. Can suka zauna a bayan buhuna har wani dillalin tsofaffin kaya daga Bawku, Alhaji Issah, ya ji labarinsu, ya nemi ya saya. Shi Lome yake kai irin waɗannan kaya, wurin masu tara kayan da.

Ranar da Zibrim ya iso, aka fito da su tsakar gida. Akwai babbar ganga wadda ake bugawa da ƙafa, da ƙarama mai wayoyi a gindi, da matsakaita biyu, da faya-fayan tagulla masu ƙafafun ƙarfe. Tsatsa ta ci notuna, ɓera ya yi sheƙa a cikin ɗaya. A fatar gaban babbar kuwa har yanzu ana iya ganin hoton bishiyar kwakwa da wani mai zane ya yi da fenti.

Alhaji Issah, wanda shi ma ya zo ranar, ya durƙusa ya shafa tambarin kamfanin da ke jikin katakon, sannan ya ce, "Malam Zibrim, gyara nake so, ba sabuntawa ba. Masu sayen irin wannan, in suka ga sabon fenti ko noti ɗaya na kasuwa, sun fasa. Abin da ya tsufa ka bar shi da tsufansa."

"Alhaji, ni ma ba na son fenti," in ji Zibrim. "Amma fatar ƙaramar ta mutu. Sai ta maraƙi, mai laushi, kuma ba a samunta a nan."

"Majeman Bawku suna da ita. In ka gama sauran ka taho da su, ka ƙarasa a wurina."

Zibrim ya zauna a gidan yayarsa ya kama aiki. Kowane noti ya kwance shi a hankali, ya jiƙa shi da kananzir, ya goge da toka da lemun tsami, ya shafa masa man kaɗanya, ya mayar da shi ramin da ya fito, don ya lura kowanne ya saba da wurinsa. Bai sa takardar yashi a jikin katako ba, sai tsumma mai ɗanshi. Fatun babbar gangar sun bushe ƙayau, ya yi ta rufa musu jiƙaƙƙen zane a inuwa yana ɗan ɗaure su kaɗan-kaɗan, har suka dawo da rai. Ranar da ya taka abin bugun ta yi ƙara mai zurfi, Memuna ta bar fere doya ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

A farkon sabuwar shekara aikin ya kai inda za a tafi. Memuna ta ce da ita za a je, tana so ta ga inda kayan mijinta za su ƙare. Suka sami Mutaru, direban motar doya da ke bin hanyar Bimbila zuwa Yendi. A tasha ana ta maganar wani faɗa da aka yi a wata kasuwar ƙauye, wai har an ƙone gidaje.

"Mma, rigimar 'yan ƙasa ce, tasu ce su kaɗai," Mutaru ya ce wa Memuna. "Mu 'yan zango ba mu da gona, ba mu da sarauta. Wa zai kula mu?"

Aka naɗe gangunan da barguna, aka ɗora su a kan doya. Fasinjoji suka hau baya, su kuma suka zauna gaba.

Rana ta take tsaka suka tarar da gungumen itace a kan hanya. Kafin Mutaru ya sa giyar baya, mutane sun fito daga ciyawa ta ko'ina, wasu da kwari da baka, wasu da adda, wasu da bindigar harbi-ka-ruga. Wani ya fasa gilashin motar da gatari, ya jawo Mutaru ta taga. Mutaru yana cewa shi direba ne, aka sare shi a wuya. Ya faɗi a gindin taya yana shure-shure, jini na bin ƙasa zuwa kwalbati.

Aka sauko da kowa, aka jera su a bakin hanya. Shugabansu wani dogo ne mai layu a damtse. Yana bi yana tambayar kowa sunansa da garinsu, yana duba tsagar fuska, yana sa mutum ya yi magana don ya ji harshensa. Wanda bai yarda da shi ba sai ya nuna shi da baki, a ja shi gefe. Da ya zo kan Memuna ya tambaye ta da irin Hausar tasha, "Kai mutumin ina?"

"Zangon Salaga," ta ce. "Wannan ƙanena ne."

Ya wuce su. A lokacin ne waɗanda suka hau motar suna jefo kaya suka warware barguna. Babbar gangar ta gangaro ta daki ƙasa, ta yi wata ƙara da ta sa kowa ya waiwaya. Dogon ya yi dariya, ya tambayi mai ita. Zibrim ya ɗaga hannu.

"Buga," in ji shi.

"Ni gyara nake yi, ba na kiɗa."

Mutumin ya kwaɗa masa gindin bindiga a baki. Zibrim ya ji haƙori ya karye, ya tofar da shi tare da jini. Aka zaunar da shi a kan buhu, aka turo masa gangar. Ya ɗauki sandar bugun da hannu ya fara dukanta.

Da ƙarar ta tashi sai suka fara da waɗanda aka ware. Wani tsoho mai hula ya durƙusa yana roƙo, aka sara masa adda a ka, hular ta rabu biyu. Wani saurayi ya zabura ya nufi daji, kibiya ta same shi a baya, ya yi ta rarrafe har suka cim masa da kulake. Wata mace ta rungume mijinta, aka ɓamɓare ta aka jefar, aka harbe shi a ciki yana kallonta. Duk lokacin da hannun Zibrim ya yi sanyi, sai wanda ke tsaye a kansa ya zungure shi da tsinin adda a haƙarƙari. Ya ci gaba da bugawa. Ya kafa idonsa a kan fatar, amma kunnensa yana jin komai ta ƙarƙashin kiɗan.

Wani gajere a cikinsu ya ɗauki ƙaramar gangar, ya ɗaga ta sama zai maka ta da dutse. Memuna ta tashi daga inda take ta riƙe ta.

"Ta mijina ce," ta ce. "Ka ɗauki doya, ka ɗauki zanena."

Ya fizga, ba ta saki ba. Sai ya kawo sara. Addar ta bi ta wuyan hannunta na dama ta nutse a katakon gangar. Memuna ta zauna daɓas tana kallon hannun da ke reto da 'yar fata. Gajeren ya taka gangar yana ƙoƙarin zare addarsa.

Zibrim bai san lokacin da ya miƙe ba. Ƙafar ƙarfen faifan tagulla tana kusa da shi, ya ɗauke ta da hannu biyu ya sauke ta a ƙeyar mutumin. Ya ji ƙashi ya ba da hanya. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa, har ƙarfen ya lanƙwashe. Wani ya sare shi a kafaɗa, wani ya dake shi a gwiwa ya faɗi a kan gawar. Yana jiran saran ƙarshe sai ya ji harbi irin wanda ba na mafarauta ba. Motar sojoji ce ta ɓullo daga wajen Yendi. Maharan suka watse cikin ciyawa, suka bar motar Mutaru tana cin wuta.

Zibrim ya yage rigarsa ya ɗaure wa Memuna damtse tamau. Da sojoji suka zo ɗaukarta ta ce ba za ta hau ba sai da gangunan. Wani soja ya zage ta, sannan ya dube ta da kyau, ya sa aka jefa su a mota tare da masu rauni. Ɗaya daga cikin matsakaitan ta riga ta ƙone.

A asibitin Yendi aka yanke abin da ya saura na hannun, aka ɗinke kafaɗar Zibrim. Garin ya cika da 'yan gudun hijira, ana ta shigo da gawawwaki a bayan tarakta. Da Memuna ta iya tsayuwa, suka bi ayarin da sojoji ke rakawa ta Gushegu, suka isa Bawku.

Alhaji Issah ya ba su ɗaki a gidansa, bai yi maganar ganguna ba har sai da Zibrim da kansa ya fito da su. Saran addar ya tsaga katakon ƙaramar. Jini ya bushe a fatar babbar, ya rufe rabin bishiyar kwakwar.

"Zan iya cike saran da garin katako da gam," in ji Zibrim. "In na shafe shi ba mai ganewa."

Alhaji ya daɗe yana dubawa. "Za su gane. Kuma ɓoyon ya fi saran zubar mata da daraja. Ka tsayar da tsagar kada ta ci gaba, ka bar bakinta a buɗe. Zan gaya musu abin da ya faru."

"Jinin fa?"

"Na wa ne?"

"Nawa ne, da na wani."

Zibrim ya ɗura gam a tsagar ta ciki, ya ɗaure ta da igiya har ta kama. Jinin kuwa ya yi ta dangwala masa auduga da ruwan sanyi, don in ya goga fentin zai biyo. Jinin ya fita, sai wani tabo inuwa-inuwa mai ruwan ƙasa da ya ƙi tafiya. Ƙarfen da ya lanƙwashe shi ya fi ba shi wahala. In ya sa shi a wuta ƙyallinsa zai ɓare, don haka ya naɗe shi da fata, ya matse shi tsakanin katakai biyu, yana miƙar da shi da sanyinsa. A wajen murɗin ya tarar da gashi ya maƙale. Ya cire shi da tsinke, ya ci gaba.

Majema suka kawo fatar maraƙi, ya jiƙa ta ya ɗaura wa ƙaramar. Saura a daidaita murya, kuma ba a yin wannan sai an buga. Zibrim ya ɗauki sanda ya tsaya a gaban babbar gangar, ya kasa bugawa, ya ajiye. Washegari ma haka.

Memuna tana zaune a tabarma tana kallonsa. Ta taso, dungulmin hannunta a naɗe cikin gyale, ta karɓi sandar da hagu.

"Kai ka riƙe noti," ta ce. "Ni zan buga."

Ta buga, ya saurara, ya murɗa. Ta sake bugawa. Gumi ya jiƙa masa riga, amma bai tashi ba har sai da kowace ganga ta faɗi abin da ya kamata ta faɗa. Matan gidan suka leƙo, suka koma.

Bayan sallah Alhaji Issah ya sa kafinta ya yi akwatuna, aka ɗora su a motar Lome. Memuna ta raka su har tasha, ta dawo ta ce ita ba za ta koma Salaga ba. Matar Alhaji ta sama mata wuri a layin masu albasa, ta koyi ɗaurin buhu da hagu da haƙori.

Zibrim ya zauna har damina ta sauka, sannan ya koma Yendi. Ya tarar da rumfarsa tana nan, an dai sace ƙofar. Kusan kowane gida a garin da ƙauyukan kewaye yana da makokin da ba a yi ba, kuma makaɗa sun yi ta kiɗa har fatunsu sun ƙare. Tun kafin ya share ƙasa wani tsohon makaɗi ya iso da kalangu uku a kafaɗa, ya ce jibi ne makokin 'ya'yan ƙanensa, ba zai iya jira ba. Zibrim ya ce masa ya zauna, ya aika a sayo fatar akuya a mayanka.